Sunan da ke Ƙasan Kwano

Talata, 28 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Karin ce ta kawo mini wannan littafi. Wai in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana, "don nishaɗi, Mama." 'Yar da rabonta da Norvik tun Kirsimeti, ta tuƙo mota awa uku don ta kawo wa uwarta nishaɗi. To, zan rubuta. Amma abin da nake gani zan rubuta, ba abin da na ci ba.

Ga abin da nake gani. Saura mako uku cif a rufe karɓar takardun tsayawa takara, ranar 19 ga Yuli da ƙarfe biyar, kuma mijina Orval bai ce in goge masa shuɗiyar rigarsa ba. Sau goma sha ɗaya yana neman kujerar majalisar dokokin jiha, sau goma sha ɗaya ina goge rigar nan, mu tafi tare ya sa hannu tun ranar farko. Bana shiru. Allunan takara suna nan jibge a bayan shagon taraktocinsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu.

Yau na tambaye shi. Ya ce, "Akwai lokaci, Verna." Ya faɗa yana kallon gahawarsa. Shekara arba'in da huɗu muna tare, na san ranar da yake kallon gahawa da ranar da yake kallona.

Kujerar nan tamu ce mu biyu, kowa ya sani. Orval zai iya sayar wa wanda ba shi da gona tarakta, amma sunan mutum ba ya kwana a kansa. Ni ke tsayawa a bayan kafaɗarsa ta hagu, in mutum ya doso in raɗa masa: wane ne, matarsa wance, saniyarsa ta ci kyauta bara. Shi kuma ya buɗe hannu ya kira sunan kamar tare suka tashi. Ina da akwatin katuttuka, kowane gida da katinsa, dukkansu da rubutun hannuna. In zai ajiye kujerar nan, ai ni ya kamata in fara ji.

Laraba, 29 ga Yuni, bayan azahar

Lorraine Tveit ta kawo mana kwano. Dankali da nama da wake, an gasa, an rufe da tawul, yana tururi.

Na tsaya a bakin ƙofa ban matsa ba. Na ce, "Lorraine, wa ya mutu?"

"Haba ƙawata, babu kowa. Na yi da yawa ne."

"Ke kaɗai a gida, kika yi na mutum takwas bisa kuskure?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta leƙa ta bayana. "Honarabul yana nan?"

Honarabul! A Norvik ba a kai wa mutum kwano sai an haihu, ko an kwanta ciwo, ko an yi rasuwa. Mun wuce haihuwa, kuma duk muna tsaye da ƙafafunmu. Matar da mijinta ya rasu shekara uku, ta sa jan baki ranar Laraba, ta kawo abinci gidan da ba a yi komai ba, tana tambayar maigida. Na juya kwanon bayan ta tafi. Ga sunanta a ƙasa a kan farin salatif, yadda kowace mace ke yi don kwanonta ya san hanyar gida. Orval ya ci har ya ƙara.

Alhamis, 30 ga Yuni, da yamma

Kwano na biyu, daga matar fasto. Ita ma wai ta yi da yawa.

Juma'a, 1 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ban so in rubuta abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce ba, amma ina jin daga nan aka fara.

Taron karin kumallon fanke na 'yan kwana-kwana ne, wanda ake yi kowace shekara, rabin gundumar nan tana wurin. Duane Sather ya doso mu da faranti a hannu. Orval ya buɗe hannu ya ce da ƙarfi, "Duane! Ina ka baro mana Marlys? Tana nan da kek ɗinta na lemo?" Marlys, matar Duane, ta rasu tun Fabrairu. Duane ya ajiye farantin, ya ce, "Tana inda ka raka ta, Orval," ya fita.

Ina tsaye a inda na saba tsayawa. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Abin da ya ba ni mamaki, a mota bai ce uffan ba. Ya dai miƙo hannu ya riƙe nawa har gida. Mutumin da in ya yi tuntuɓe a jawabi sai ya kwana uku yana mita.

Yanzu tunani biyu ke raina. Ko dai Lorraine ce, ko kuma ba shi da lafiya, garin duka ya sani, ni kaɗai aka bari a duhu. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Litinin, 4 ga Yuli, bayan fareti

Kowace shekara shi ke tuƙa tsohuwar jar tarakta a faretin ranar 'yancin ƙasa, ni ina kan amalanken baya ina watsa wa yara alewa. Yau aka ce rana ta yi zafi, in zauna a inuwa da Karin. Ta sake zuwa. Sau biyu a mako ɗaya.

Kuma mutanen garin nan sun koyi wani sabon salo. Kowa ya zo gaishe ni sai ya sunkuyo ya faɗi sunansa. "Verna, Gordon ne." "Verna, Elsie ce, ta gidan waya." Na ce wa Gordon, "Na san kai ne, na san ubanka, na san har ranar da ka faɗa rijiyar gidan Olson." Ya yi jajir, ya ce, "Haka ne, haka ne, madalla." Madalla da me?

Akwai wanda ya tsara wannan. Mutum goma ba sa tashi da hali ɗaya rana ɗaya.

Talata, 5 ga Yuli, da safe

Orval bai ce in goge shuɗiyar riga ba. Yau dai na daure na tambaye shi. Ya ce akwai lokaci.

Laraba, 6 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Ya ce mu je babban asibiti a duba masa jini. Na ce a raina, yau gaskiya za ta fito. Na sa hular fita, na shirya tambayoyina.

Da muka shiga, likitan ya juya kujerarsa ya fuskance ni. Wai yau wace rana ce. Wai in zana masa agogo. Wai ga kalmomi uku, in riƙe masa, zai karɓa an jima. Na ce, "Likita, mijina ne marar lafiyar." Ya ce, "Haka muke yi wa duk iyali." Ƙarya. Na haifi 'ya'ya uku, ba a taɓa sa Orval zana agogo ba.

Da ya dawo kan kalmominsa na ce masa ban zo nan wasan yara ba. Ya rubuta wani abu. Na lura da hancinsa, irin na dangin Bergstrom ne, kuma Bergstrom kaf ɗinsu 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Na faɗa wa Orval a mota. Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ci gaba da share idon bayan dariyar ta ƙare.

Alhamis, 7 ga Yuli, da rana

Wani ya bar tukunya a kan wuta. Gindinta ya ƙone, hayaƙi ya cika kicin. Orval ya ce shi ne. Tun da na aure shi bai taɓa dafa ko ƙwai ba.

Kwanuka bakwai yanzu. Firiza ta cika.

Asabar, 9 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Na sauko na tarar an bi kicin ɗina da farin salatif. Kowace ƙofar kabad da rubutu, da manyan baƙaƙen Orval: KOFUNA. FARANTAI. SUKARI DA GISHIRI. A jikin murhu: A KASHE.

Na ce, "Wa kake koya wa kicin ɗina?"

"Ni ne, Verna. Ina so in fara taya ki."

"Kai? Ko dai wadda za ta shigo ce ba ka so ta sha wahalar neman cokali?"

Ya ajiye jarida. "Wa?"

"Ka fi ni sani. Mai jan baki."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Sai ya ce, "Haba, uwargida," a hankali, ya ɗauki hularsa ya tafi shago. Na ɓanɓare salatif ɗin duka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya, ban san dalilin kunyar ba.

Yanzu in waya ta yi ƙara, jan igiyar yake har cikin gareji ya rufo ƙofa. Na ji ya ce, "A'a, ban faɗa mata ba tukuna." Da kunnena na ji.

Litinin, 11 ga Yuli, da safe

Saura kwana takwas. Orval bai ce in goge shuɗiyar riga ba. Na yi ta haƙuri, amma yau na buɗe baki na tambaye shi. Wai akwai lokaci.

Talata, 12 ga Yuli

An ɓoye mini makullin mota.

Alhamis, 14 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na sami makullin a firiza, a ƙarƙashin kwanon matar fasto. Ban san wa zai sa shi a can ba.

Na wanke kwanon Lorraine, na ce yau sai na mayar mata da hannuna, in kalle ta ido cikin ido. Gonarta mil shida ce daga gari, na bi hanyar nan ya fi sau dubu. Amma an yi wa hanyar wani abu. Masara ta yi tsawo, ko'ina iri ɗaya, kwanar da ake juyawa ba ta nan. Na yi ta tafiya. Na juya, na sake juyawa. Daga baya na tsaya a gefen titi na kashe mota, kwanon yana kan cinyata. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a bayana. Duane Sather ne ya fito. Ya cire hula ya sunkuyo ta taga.

"Verna, Duane ne. Kin yi nisa da gida fa. Nan ai kin kusa shiga wata gundumar."

Na ji daɗin ganinsa ƙwarai. Na ce, "Sannu Duane. Yaya Marlys?"

Bai ajiye komai ya fita ba wannan karon. Ya dafa ƙofar motar ya ce, "Ta rasu, Verna. Tun Fabrairu. Ke kika fara kawo mana kwano, tun kafin fasto ya iso. Kaza da shinkafa."

Na ce, "Na sani."

"Na san kin sani. Biyo ni a hankali, in kai ki gida."

Na bi shi. Orval yana tsaye a tsakiyar titin gidanmu ba hula, Karin tana kan waya a baranda, motoci huɗu sun fita nemana. Ɗaya daga cikinsu ta Lorraine ce. Ba wanda ya yi mini faɗa. Da ma sun yi.

Juma'a, 15 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ɗauko akwatin katuttuka. Na zaro na gidan Sather. Ga shi da rubutuna, da shuɗin biro: "Marlys ta rasu 9 ga Fabrairu. Na kai kaza da shinkafa. Kada a yi masa zancen kek."

Sannan na karanta littafin nan daga farko. Sau uku na rubuta cewa na tambaye shi zancen riga, kowane karo ina jin ranar na fara. Sau nawa na tambaya ban rubuta ba?

Ranar fanke ina tsaye a bayan kafaɗarsa ta hagu. Orval bai san Marlys tana yin kek na lemo ba. Bai taɓa sani ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta raɗa masa wannan.

Asabar, 16 ga Yuli, bayan azahar

Na same shi a shago, yana zaune a ofishinsa, ba ya komai. Na rufe ƙofa. Na ajiye katin Sather a gabansa.

Na ce, "Kwanukan nan nawa ne."

Ya ce, "Naki ne."

"Tun yaushe?"

"Likita ya fara faɗa a watan Afrilu. Kina wurin."

"Kuma ka bar ni ina zargin baiwar Allah Lorraine?"

"Na faɗa miki sau biyu, Verna. Kin yi kuka sau biyu. Washegari kika tashi lafiya lau kina waƙa a kicin. Na kasa yin na uku." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Na gwammace ki yi fushi da ni. Fushin ya fi yi miki kyau."

Na ce masa shi matsoraci ne. Ya ce haka ne. Na ce garin duka ya san ciwona kafin ni, har Gordon. Ya ce ba shi ya faɗa ba, ranar fanke kowa ya ga bakin wa ya motsa kafin nasa. Shi ya sa daga baya ya bi Duane har gida ya ɗora wa kansa laifin, Duane kuwa ya ce masa, "Orval, kada ka raina mini hankali, je ka kula da matarka."

Sai na zo kan abin da ya kawo ni. Na ce, "Ka je ka sa hannu ranar Talata. Ga akwatin nan, katuttuka dubu huɗu. Ka ba Karin, ko ka ɗauki wani ya riƙa raɗa maka."

"Majalisa wata biyar ce a can St. Paul, babban birnin jiha. Wa zai kashe murhu?"

"Shekara ashirin da biyu na gina kujerar nan da bakina, ka ce za ka zubar saboda tukunya?"

"Ba saboda tukunya ba." Ya taɓa kafaɗarsa ta hagu. "Ban taɓa shiga ɗaki babu ke a nan ba. In wani ya tsaya a wurin, juyowa zan yi ta yi ina nemanki. Ba zan iya ba, kuma ba na so."

Na yi kuka, karo na uku ke nan ashe. Na ce ya miƙo mini salatif. Na yanka na liƙa a bangon littafin nan, na rubuta da kaina: VERNA, KAFIN KI YI FUSHI, KARANTA 16 GA YULI.

Lahadi, 17 ga Yuli

Na mayar da rubutun kabad. Da hannuna wannan karon, nasa kamar kaza ta yi tono.

Talata, 19 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na goge shuɗiyar rigar. Bai ce in goge ba. Na ce, "Sa, Honarabul, yau muna da zagaye."

Mun juye abincin a namu mazubin, mun wanke kwanuka goma sha ɗaya, mun jera su a kujerar baya. Shi ke tuƙi, ni ina juya kwano in karanta sunan da ke ƙasa, in faɗa masa gidan da za mu. Ba a mayar da kwano haka nan, don haka kowanne na sa masa kwalbar zumar da muka tara. A kowace ƙofa na ce na gode, na kuma ce na sani. Wasu sun rungume ni. Elsie ta fara cewa "Elsie ce," na ce ta ci gaba da faɗa, kada ta fasa.

Lorraine muka bari ƙarshe. Na ce, "Ƙawata, na zarge ki da mijina."

Ta dubi Orval daga hula har takalmi, ta ce, "Wannan? Haba Verna, ciwon bai kai nan ba."

Mun yi dariya har na zauna a matakalarta. Muna nan zaune agogon cocin ƙauyensu ya buga biyar. Orval ya duba na hannunsa, ya ce, "To, an rufe." Ya karɓi gahawar da Lorraine ta miƙo masa, yana sha yana kallona.

Alhamis, 21 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Orval bai ce in goge shuɗiyar riga ba, kuma na same ta a kwandon wanki, an riga an sa. Ina ya je da ita? Da wa?

Ƙarfe goma

Na ga rubutun bangon littafi. Na karanta.

Yana waje yana ba tumatir ruwa, yana yi yana waiwayen taga. Ban faɗa masa na sake karantawa ba, amma ina jin ya gane, don ya ɗaga mini hannu.

Salatif ɗin saura kaɗan. Na yanki na ƙarshe, na juya jakar hannuna, wadda ba na fita sai da ita, na liƙa a ƙasanta. Na rubuta a hankali yadda kowa zai iya karantawa: VERNA HULTGREN, TITIN COCI, FARIN GIDA NA UKU. A MAYAR WA ORVAL.